Na Kwance Jan Zaren Kofin Shayinki

Auta,

Na dawo daga asibiti na tarar kina barci, ga aiki na jirana. Sakamakon gwajinki ya fito. Likita ta ce kumburin hanji ne mai daɗewa, yana lafawa yana tashi, amma magani na riƙe shi. Ba taifot ba ne, duk da shekara biyun da na yi ina ɗura miki maganinsa da digirina na tarihi. Kuma ba a ɗaukarsa.

Ki yafe mini ware miki kofin shan shayi da na yi. Na kwance jan zaren da na ɗaura masa, na sha shayi da shi, ga ni da raina. Yana cikin sauran kofuna yanzu. Ni ma na kasa gane shi.

Babanki