Inci Huɗu Tsakanin Mosko da Legas

Litinin, 7 ga Mayu, 1984

Jikin Baba ya ƙi daɗi. Kunu ma sai da lallashi. Na je gidan waya na aika wa Yaya Maiwada tangarahu can Mosko inda yake karatun likita: ka zo, Baba na nemanka. Allah Ya sa ya same shi.

Laraba, 9 ga Mayu

Na aro taswirar duniya daga makarantarmu, don Baba ya matsa sai ya ga inda ɗansa yake. Ya ce in miƙo masa tef ɗinsa na ɗinki. Ya ɗora daga Mosko zuwa Legas. "Inci huɗu, Sharifa! Ko hannun rigar jariri bai kai ba." Har da dariya. Ni da nake koya wa yara wannan taswira na san ya haura kilomita dubu shida. Kuma wai jirgin sau ɗaya yake tasowa a mako. Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 10 ga Mayu

Amsa ta zo. Zai taso Asabar. Baba ya ce a share ɗakin zaure.

Asabar, 12 ga Mayu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika da hantsi.

Na durƙusa gaban Baffa Alhassan, ƙanin Baba, ina roƙo a jira gobe. Yaya yana cikin jirgi yanzu haka, ko fuskarsa ce ya gani. Baffa ya ce, "Haba 'yar nan, mu ba ma kwanar da gawa. Haƙƙinsa ne a gaggauta." Na sani. Wallahi na sani. Amma na ji haushinsa har cikin raina. Kafin la'asar an kai shi. Mutum yana sama bai san ya zama maraya ba.

Lahadi, 13 ga Mayu

Yaya ya iso da yamma a motar Legas, duk ya rame. Tabarmin da ya gani a ƙofar gida su suka gaya masa. Ya sayo wa Baba hular sanyi. Ban iya kallonta ba.

Juma'a, 18 ga Mayu

Yaya ya ce ba zai koma ba, wai ya bar karatun. Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Wace ƙasa ce wannan da mutum ba zai iya zuwa jana'izar ubansa ba?

Talata, 22 ga Mayu

Na mayar da taswira makaranta. Na gaida Baffa yau, har na kai masa tuwo.

Na wanke kayan Yaya na goge, na jera masa a akwati, ba tare da ya sa ni ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Na ce shekara ɗaya ta rage maka, Baba likita yake jira. Tef ɗin na naɗe na cusa a aljihun kwat ɗinsa.

Ya ce, "Da nisa fa, Sharifa."

Na ce masa Baba ya auna.