Bakan Baba Ya Tsage

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Ikko? Mu a Fagge lafiya, sai ɓacin rai.

Bakan nan da Baba ya fara sassaƙawa kafin rasuwarsa, wanda na shafe da kakin zuma na ajiye a inuwa, Kawu Ilu ya shanya shi a rana don ya bushe da wuri, wai wani Bature a tasha yana so. Ya tsage. Na naɗe shi da ɗanyar fata, amma da na ja tsirkiya sai ya yi ƙara. Buɗar bakin Kawu sai cewa ya yi, "Bature harbi zai yi? A bango zai rataye."

Ka gaida yara. Ka roƙa mini haƙuri wurin Allah, don har yau ban gaida Kawu ba.

Ƙaninka,
Sani