Abin da Ruwan Ilinca Ya Faɗa

Tulcea, 3 ga Maris

Yaya Paraschiva,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata gwiwar nan ta lafa, jikoki kuma suna lafiya.

Har yanzu ina gidan kiwon kifi, ina kula da Ilinca, ƙatuwar macen kifin nan, irin da ake kira morun, da ta fi ni tsawo. Irinta ya kusa ƙarewa a kogin Danube, kuma a nan ita kaɗai ke ɗauke da ƙwai. Ni da na shekara talatin ina farke cikin iyayenta don cire ƙwai a sayar, burina in ga 'ya'yanta sun shiga kogi kafin in mutu.

An hana taɓa ta. Likitarmu Smaranda ruwan tankin take ɗiba a kwalba ta auna, wai kifi in ya tsorata yakan bar alama a ruwa. Na ce, "'Yar nan, bar ni in shafa cikinta, yanzu ki ji labari." Ta ce, "Kawu Anghel, hannu a aljihu!" Na bi. Sai dai kullum da safe nakan ƙwanƙwasa katakon bakin tankin sau uku don kore mugun baki, yadda Baba yake yi wa kwalekwalensa.

Ƙaninki,
Anghel

19 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jiki?

Hankalina a tashe yake. Ilinca ta daina ci, kwalba kuma kullum tsoro take nunawa. An canja famfo, an rage fitila, duk a banza. Ni dai na ce baki ne, don maziyarta sun cika yabonta. Na ƙara ƙwanƙwasawa, safe da rana da yamma. Ki kunna mata kyandir a coci.

Anghel

22 ga Mayu

Yaya Paraschiva,

Ina fata kina lafiya. Ni ba na lafiya.

Smaranda ta lura ruwan ranar Lahadi kaɗai ke fitowa lafiya lau, ranar hutuna ke nan. Ta zaunar da ni, ta kunna hoton kyamarar da ke saman tankin. Na ga kaina ina ƙwanƙwasawa har da murmushi, na ga Ilinca ta zabura ta daki bango da hanci. Wata uku ke nan kullum.

Ƙwan ya narke a cikinta. Ba za ta sake ɗauka ba sai bayan shekara huɗu ko biyar, kin kuwa san abin da aka ce game da huhuna. Smaranda ba ta yi min faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ai ba ka sani ba, Kawu." Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi. Na ajiye makulli na fito.

Jiya ta kira, wai ta faranta min rai. Kwana uku da barina aiki, Ilinca ta ci abinci.

Ki gyara min ɗakin Baba, ina tafe ranar Asabar.

Ƙaninki,
Anghel