Daɓen Hajara

Daren Laraba, Dangora

Masu kwashe ƙasar tsohon garejin soja sun iso gidana yau. Baƙin man da aka zubar can ya ɓata rijiyoyi, wai har daɓen ɗakina sai an farfashe.

Daga can matata, marigayiya Hajara, ta ɗebo ƙasar tana amarya, don gara ba ta kusantarta. Ita da ƙawayenta suka yini suna daɓe, suna waƙa, suna tsokanata.

Injiniyan ya ce, "Baba, guba ce fa."

Na ce, "Ashe gara ta fi mu ilimi."

Jikata a nan take rarrafe, sai na ce su zo Asabar. Yau dai a ƙasa zan kwanta, ko tabarma ba zan shimfiɗa ba.