Dutsen Niƙanki a Gidan Tarihi

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Talatu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina hutawa a inda Allah ya ajiye ki. Mu dai muna nan da sauƙi, mun gode masa. Da Hausa na rubuto miki domin ita kaɗai kika iya karantawa, ita ma a Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙin sujada, kina bin layi da ɗan yatsa. Na san wasu za su leƙa su karanta. Su karanta, babu abin da zan ɓoye.

Mama, na ga dutsen niƙanki. Ba a kan tsauni ba, inda muka bar shi a kanki. A Kafanchan na gan shi, a cikin ɗaki, an ɗora shi a kan dakali har an manna masa takarda.

Bari in ɗauko miki daga farko. Mun je Kafanchan hutun Kirsimeti daga Kaduna ni da jikokinki biyu, waɗanda ba ki gani ba: Dauda, da ƙanwarsa da na sa wa sunanki, muna kiranta Mami. Muka sauka a gidan Yaya Bulus. Kwana biyu yaran suka ishe ni da ƙorafi, wai babu abin kallo a garin nan sai jirgin ƙasa da ba ya zuwa a kan lokaci. Sai matar Yaya ta ce in kai su gidan tarihi, an buɗe shi a wani tsohon sito kusa da tasha. Ni ban ma san da shi ba. Na ce to, ko ba komai kunnena zai huta.

Ɗakuna biyu ne kacal. Wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ne yake kula da wurin, Malam Ayuba, mai farin gashi da sanyin murya. Ya tara kaya kam. Ga fitilar masu ba jirgi hannu, ga hular shugaban tasha, ga kwari da baka, ga ƙahon da ake busawa a bikin farauta, ga wasu ƙananan kawunan yumɓu masu ramin ido da ya ce an tono su a gona. Su kaɗai aka kulle a cikin gilashi. Sauran duka ya ce yara su taɓa, wai abin da yaro bai taɓa ba ba ya zama nasa.

Da kin ga jikokinki da kin yi dariya. Dauda ya kaɗa ƙararrawar jirgi har sai da na daka masa tsawa. Ya busa ƙaho, iska kawai ta fito da yawu. Mami ta sa hular shugaban tasha ta rufe mata har hanci. Raina ya yi fari, har na ce a zuciyata ashe garinmu ma yana da abin nunawa.

Ina tsaye ina kallon wani tsohon hoton tasha, na ba su baya, sai na ji Malam Ayuba yana kiran Mami ta zo ta gwada aikin kakanninta. Na ji ya zuba dawa. Na ji ta ja ɗan dutse sau ɗaya, ta sake ja.

Mama, tsigar jikina ta tashi tun ban juya ba. Kowane dutse da muryarsa, ke kika koya mini haka. Naki yana da wata 'yar ƙara a ƙarshen ja, kamar mutum ya ja numfashi ta haƙori. Da wannan ƙarar nake farkawa tun ina yarinya. Na kasa juyowa, don na tabbata in na juya ke zan gani a durƙushe da ɗaurin ƙirji.

Da na juya, Mami ce. Amma dutsen naki ne. Kwarminsa ya karkata hagu, kamar yadda hannunki na bahaguwa ya cinye shi. Ga kusurwar da ta ɓalle ranar da Yaya Bulus ya fasa giginya a kai da bayan gatari, kika bi shi da muciya har bakin rafi. Na durƙusa na shafa wurin. Babu ko tantama.

Kin tuna yadda ya hau kanki? A'a, ina za ki tuna, ai ke aka ɗauka.

Shekarar tamanin da bakwai ce, lokacin da gari ya hargitse da rikicin addini. Ciwon ƙirjinki ya tashi a makon da aka sa dokar hana fita, sojoji suka tare hanya, babu mota babu babur. Muna ji muna gani kika tafi a ɗakinki na ƙauye, ba mu kai ki asibiti ba. Maƙabartar majami'a tana bakin titi, babu mai ƙarfin halin zuwa can. Kafinta ya gudu, babu akwati. Farin zanen da aka naɗe ki da shi ma Hajiya Delu ce ta miƙo shi ta kan danga, ƙawarki mai sayen daddawa a hannunki, tana kuka. A makon da mutanenta da namu ba sa haɗa ido ke nan.

Dattawa suka ce a hau da ke kufai, tsohon garinmu na kan tsauni, inda iyayenki suke kwance. Aka haƙa a gefen ɗorawa. Fasto ya yi addu'a a gurguje, muka rera baiti ɗaya ƙasa-ƙasa. Babu siminti, babu allo. Sai na tuna maganar da kike yi duk ranar da bayanki ya riƙe: "Ranar da na mutu ku kife mini dutsen nan a kaina, ni da shi mu huta tare." Da wasa kike faɗa, amma mu ba mu ɗauke ta wasa ba. Maza suka sauka suka ɗauko shi, muka kife shi a wajen kanki. Shi ne kaɗai shaidar inda kike.

To, shi ne na tarar a buɗe, fuskarsa sama, jikarki tana niƙa a kai tana dariya.

Kin san abin da aka rubuta a takardar? Wai dutsen niƙa na mutanen dā, an samo shi a kufai. Mutanen dā! Ke da kika yi mini kitso ana saura mako biyu ki kwanta. Ke da har yanzu zanenki na zumuntar mata yake cikin akwatina da ƙanshin sabulunki. Shekara tara kacal, har kin zama tarihi.

Kin san bakina, gadonki ne. Na fizge Mami daga wurin har ta tsorata ta fashe da kuka. Na tasa Malam Ayuba a gaba, na ce masa ɓarayin kabari ne su, masu tonon matattu, in sun rasa abin nunawa su je su ɗauko na iyayensu mana. Mutane suka taru a ƙofa. Bawan Allah ya jira sai da na gaji na zauna a ƙasa. Sannan ya cire hularsa ya ce, "Madam, wallahi ban san kabari ne ba." Ya ce wasu samari ne suka hau kufan nan shekara biyu da suka wuce suna tattaro tsofaffin kaya, suka tarar da dutsen a cikin tarin duwatsu a gefen wata gona. Ya ce in ɗauke shi yau yau, shi ma ba zai iya kwana da shi ba.

A gefen gona, Mama. A cikin tarin duwatsu. Nan gabana ya faɗi da gaske, don na gane tun kafin samarin su zo an riga an ɗaga shi daga kanki.

Na koma gida na sami Yaya Bulus. Da farko ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗi gaskiya. Ya ba wani manomi hayar filin kufai don noman citta, tunda citta tana kuɗi yanzu, kowa ya haukace a kanta. Ya ce ya yi niyyar hawa ya nuna wa mutumin inda kike, sai yau sai gobe, har damina ta wuce. Ni kuma duk shekara in na tambaye shi daga Kaduna sai ya ce yana lura da wurin. Na ce masa, "Yaya, da uwa ake cewa sai gobe?" Ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin hawayensa ba tun ranar da muka binne ki sai ran nan, amma ban ji tausayinsa ba. Har yanzu ban gama hucewa ba.

Dutsen ya kwana uku a zauren Yaya kafin mu sami masu ɗauka. Kwana ukun nan, duk asuba sai in ji niƙa. Matar Yaya ta ce injin maƙwabta ne, Yaya ya ce zuciyata ce. Wataƙila. Amma inji ba ya jan numfashi ta haƙori. Na kan kwanta ina saurare ina cewa, mun tashe ta, mun mayar da ita bakin aiki, matar da ba ta roƙe mu komai ba sai hutu.

Ranar da muka hau, babur ya kai dutsen gindin tsauni, daga nan aka rataye shi a sanda, Yaya da wani ɗan maƙwabci suka saɓa. Ni ina baya ina bin hanyar da na yi zaton na sani kamar tafin hannuna.

Mama, babu ɗorawar. An sare ta, an ƙone kututturen, ko toka babu. Ganuwar tsofaffin ɗakuna an rushe an jera duwatsun a iyakar gona. An gama tonon citta, ƙasa duk a birkice daga wannan gefe zuwa wancan, ja wur, babu ciyawa ko ɗaya. An tsaga cittar an shanya a kan falalen dutse, yajinta ya cika wurin har yana sa hawaye. Na tsaya na duba gabas na duba yamma, ban gane komai ba.

Yaya ya ce nan ne. Na ce ƙarya ne, can sama ne, don ranar ina hango rufin majami'a daga inda na tsaya. Ya ce ai daga ko'ina ana hango shi. Na matsa na duba, gaskiyarsa. Muka yi ta gardama a tsakiyar gonar mutane kamar yara, kowa yana nuna ƙasa da yatsa, tsakaninmu ya kai tsawon ɗaki uku. Ɗanki da 'yarki, waɗanda suka zuba miki ƙasa da hannunsu.

Manomin yana gefe yana kallonmu. Mutumin kirki ne daga wajen Zonkwa. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ban san Mama ɗinku yana nan ba." Ya ce ranar da suka share filin duwatsu sun yi yawa, ba zai iya tuna inda ya ɗaga kowanne ba. Can ya ce akwai abu ɗaya, amma yana jin nauyin faɗa. Na ce ya faɗa. Ya ce akwai wani ɗan wuri da duk shekara citta ta fi yin kyau, ganyenta ya fi duhu, in an tono sai ka ga ta yi kauri fiye da sauran. Ya taka ya je ya tsaya a kai. Ba inda Yaya ya nuna ba ne, ba kuma inda na nuna ba.

Ban san lokacin da na toshe bakina da gyale ba. Na so in zage shi, na rasa da me. Yaya ya ce wataƙila tsohon juji ne ko turken awaki, tunda kufai ne. Manomin ya ce haka ne, zai yiwu. Babu wanda ya iya cewa e, babu wanda ya iya cewa a'a. Tona ƙasa mu duba kuwa, ko a baki ban yarda a faɗa ba.

Nan inda manomin ya tsaya muka kife dutsen. Manomin ya yi alkawari ba zai ƙara sa fartanya a wurin ba, ya kewaye shi da duwatsu da hannunsa. Yaya ya yi addu'a. Na rera miki waƙar nan gaba ɗayanta da ƙarfi, duk baitocin da tsoro ya hana mu rerawa a wancan karon.

Tun da na dawo Kaduna ban ƙara sa citta a kunu ba. Jikokinki suna ƙorafi wai kununa ya zama salam. In na wuce masu sayar da ita a kasuwa sai in kawar da kai, don yawancinta daga wajenmu ake kawowa, kuma ba na son abin da zuciyata take raya mini. Mami kuma ta kan tambaye ni yaushe za mu koma ta ƙarasa niƙanta. Ban gaya mata ba tukuna. Niƙan asuba dai ya daina, amma ban sani ba ko don mun dace ne, ko don na yi nisa.

Ina kewarki, Mama, kewa mai ciwo. Dā in na tuna ki na san inda zan aika da tunanina. Yanzu sai ya hau tsauni ya yi ta yawo a cikin gona.

Ubangiji da ya san adadin gashin kanmu ya san inda ƙasusuwanki suke, ko da mu mun ɓatar. Ya ba ki hutun da kika roƙa. Ya sanyaya mini zuciya a kan Yaya. A ranar tashin matattu ya kira ki da sunanki, kada ya bar ki ki nemi hanya ke kaɗai. Amin.

Abu ɗaya nake roƙonki. Dā in sanyi ya kore ni daga shimfiɗata na zo taki, ba kya ko buɗe ido, sai ki gyara kwanciya. In ba a kanki muka kife dutsen nan ba, Mama, ki yi haƙuri ki ɗan matso.

Ni ce 'yarki,
Rifkatu