Bayan Babur Bai Nutse Ba

Laraba da dare, Catford

Yau na sa wa babur ɗina sabuwar shokozoba ta baya. Tsohuwar ta saki, ɗan rami kaɗan sai ka ji bayan babur ɗin ya buga ƙasa. Na daɗe ina ɗora laifin a kan Yaya Habu ɗan kawuna, tunda shi nake goyawa zuwa asibiti a Whitechapel. Buhun masara nake ce masa, shi kuma ya ce ban da baki ba ni da komai.

Ba a gama ɗaure sifirin shokozoba sai an ɗora nauyi an ga iya nutsewarsa. Na matse shi tam yadda na san jikin Yaya, na kira shi ya sauko daga flat ɗinmu na saman bene.

"Hau mu gani, buhu. In shokozobar ta yi kuka ba ruwana."

Ya hau, bayan babur ɗin ko motsi bai yi ba. Na ce ya ɗage ƙafafunsa, ya ce ai a ɗage suke. Sai lokacin na ga agogonsa na yawo a wuyan hannu saboda rama. Kullum yana bayana cikin ƙatuwar jaket, ban taɓa dubansa da kyau ba.

Na durƙusa ina sassauta sifirin. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, kada ka gaya wa Inna."

Innar tasa ta kira ni daga Kano bayan isha'i. Ina kallon wayar har ta katse. Allah ka tashi kafaɗarsa, don ni ban iya yi wa matar nan ƙarya ba.