Hoton da Aka Yanke da Reza

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka na can Sakkwato. Mu nan Zangon Kwatano sai godiya, in ban da ruwan sama da ya cike mana lungu da ciwon gwiwa da ya zame mini abokin zama. Na rubuto a nan inda kowa zai gani ne saboda na gaji da kiran wayar da ba a ɗauka. Na kuma san kana leƙa shafin nan, tunda duk abin da na saka, washegari sai matarka ta kira ta yi mini tambaya a kansa.

Maganar Bilkisu ce, 'yarka, wadda ka bari a cikin Maryama ka tafi.

Asabar ɗin da ta wuce ɗaliban makarantarsu suka yi wasan kwaikwayo a wani zaure a unguwar Sainte-Rita, da rana tsaka, fanka ɗaya tana ta wahala a sama. Tsohon wasan Turawa ne, da Faransanci. Ka san Faransancina bai wuce na ciniki da na rigima da masu babur ba, amma wallahi babu abin da ya wuce ni. Wani baƙar fata ne a garin farare, ya auri 'yarsu ba da son ubanta ba, amininsa ya tare masa a kunne har ya kashe ta da hannunsa. Bilki ce ta fito a matar. Maryama tana gefena, jakarta a cinya, ko motsi ba ta yi ba har aka tashi. Ni kuwa ban ga Bature ko ɗaya a dandalin nan ba, kai nake gani.

Ka tuna zuwanka garin nan? Ka iske ni a gidan aure, da jaka ɗaya da bakin Hausa zalla. In an yi maka Faransanci sai ka yi murmushi, in an yi Fon, yaren 'yan garin, sai ka ƙara faɗaɗa shi. Amininka Tanko ne bakinka. Shi ke shiga ofis a madadinka, shi ke magana da masu kaya, kai kana tsaye a baya kana gyara hula.

Sai ka ga Senami a unguwar Agontinkon, tana tsare wa uwarta shago. Danginta suka ce ɗan Najeriya zai kulle musu 'ya a ɗaki. Namu na Zango suka ce 'yar kudu ba ta zaman aure. Ta musulunta, ta zaɓi suna Maryama da kanta, ta koyi tuƙa tuwo a hannuna har tafinta ya yi kanta. Ranar da ta fara raka ka ofis ta yi maka tafinta, ka dawo kana ta dariya kana cewa Allah ya ba ka baki a cikin gida. A gaban Tanko ka faɗa.

Bai taɓa cewa ta yi wani abu ba, shi ya sa har yau ba a kama shi da laifi ba. Nasa dai shi ne, “Ni ban ce komai ba, amma su mutanen nan ba kamar mu ba ne.” Ko kuma, “In suna yarensu ita da maza, kana jin abin da suke cewa?” Ba ka ji, kuma ya san nan ne ke yi maka ciwo.

Da kakarta ta rasu, kai ka ba ta izini ta je makoki, tana da ƙaramin ciki. Ka san al'adarsu: dangin mamaci gaba ɗaya, maza da mata, tsoho da jariri, atamfa iri ɗaya suke ɗinkawa. Masu hoto suna yawo a wurin, su ɗauka su wanke su sayar kafin a watse. Tanko ya samo guda, ya bi shi da reza, ya kawo maka mutum biyu kawai: matarka da wani namiji, kafaɗa da kafaɗa, cikin zane iri ɗaya. A wurinmu namiji ba ya sa atamfa, balle ya yi anko da matar wani. Ɗan ƙanwar uwarta ne, Yaya. A gefen hoton ma ga gwiwar hannun wata tsohuwa tana leƙowa, sanye da atamfar. Na nuna maka da yatsana, ka ture mini hannu.

Ban manta safiyar da uwar Maryama ta zo ba. Ta tattaro 'yan'uwanta mata da maza, kowa ya sa atamfar makokin, suka taho a ƙasa suka jeru a ƙofar gidanka, tun daga bakin kwata har wurin mai shayi. Ba su yi zagi ba, ba su ɗaga murya ba. Sun zo ne kawai ka gani da idonka. Duk Zango ta fito ta gani, kai kaɗai ka ƙi fitowa. Na san ka leƙa ta taga, na kuma san ka gane. Kunyar a ce an yi wasa da hankalinka ce ta fi ƙarfinka, sai ka sake ta, ka ƙara da maganar da ta fi sakin muni: “Cikin ma ban san na wane ne ba.”

A wasan nan, da mijin ya gane gaskiya ya yi ta kuka, mutanen zauren suka yi ta tausaya masa. Yarinyar kuwa tana kwance a gefe an rufa mata zane, an manta da ita. Haka aka yi a nan. Shekara da shekaru ana cewa Tanko ya cuci Bello. Ban taɓa jin wanda ya ce an cuci Maryama ba. Tanko yana nan, ya yi furfura, sahun gaba yake sallah. Ita kuma tana soya ƙosai a unguwar Zogbo, ba ta sake aure ba, ba ta bar sallah ba, ko da yake namu sun jira ta bari don su ce dama sun faɗa.

Na gaji, Yaya. Na gaji da kare ka. Bilki ta taso da maganarka a goshinta, yara suna yi mata gori a islamiyya, ni ina ce mata babanta yana gaishe ta. Goshin ma naka ne, da wushiryar, da taurin kan. In ta yi fushi ta yi shiru, sai in ga kamar kai ne kana yaro an hana ka bin Baba kasuwa. Ni da kai muka rage a ɗakinmu, kuma har yanzu in an ce Bello sai kewa ta kama ni.

Yanzu ga abin da ake ciki. Ta sami miji, yaron kirki, ita ta kawo shi. Bayan sallah za a ɗaura. Liman ya ce in ba ka zo ba kuma ba ka wakilta kowa ba, shi zai tsaya mata, don haka aure ba zai fasa saboda kai ba. Amma da ya aiko a tambayi yadda za a sanar, Bilki ta ce in ba ka kira ta ka ce mata “'yata” da bakinka ba, kada a ambaci sunanka a masallaci. A ce Bilkisu kawai. Aka tura ni in lallashe ta, na je na zauna a bakin gadonta, sai kawai na taya ta ninke kaya na dawo gida.

Ba kuɗi take nema ba, ba ta ma ce ka zo ba. Lambarta tana wurin matarka.

Allah ya sassauta maka zuciya, ya ba ka ƙarfin faɗin abin da ka daɗe da sani. Allah ya saka wa Maryama, ya sa albarka a auren yarinyar nan, ko da sunanka ko babu. Amin.

Ƙanwarka,
Hajara
Zango, Kwatano